Ɗaga-Haɓa Ya Ɗauki Babur a Guje

In za a ambaci Injiniyan Haske, a fara kurkure baki tukuna. Shi ya raɗa wa kansa wannan suna, kuma ya yi dabara, don da ya tsaya jiran jama'a su raɗa masa, da har yau yana nan yana jira. Mutanen layi, da yake ba su san darajar ilimi ba, Ɗaga-Haɓa suke ce masa a bayan idonsa. Shekara ashirin da bakwai ke nan duk wanda ya zauna a kujerar shagonsa don ɗaukar hoto abin da yake fara ji ke nan. Mai neman aiki, ɗaga haɓa. Ango, ɗaga haɓa. An ce akwai wani tsoho da ya je hoton fansho, aka yi ta sa shi ɗagawa har hoton ya fito ba a ganin komai sai ƙofofin hanci, Injiniya kuwa ya ce ai nan ne martabar fuskar take.

Shagon kansa abin kallo ne. Farin ƙyalle a bango, kujera marar majingina, madubi, da mataji ɗaure da zare don kada wani ya manta ya sa a aljihu. Ga baƙar kwat guda ɗaya a rataye, wadda rabin ma'aikatan garin a cikinta suka sami aiki, siriri da mai jiki duk ita ce. Saman ƙofa kuwa takardar shaidar kwas ɗin da ya yi ce, kwas na kwana uku, cikin firam ɗin da ya ninka ta biyu. Ko sayen batir zai je ba ya fita sai da 'yar shararsa mai aljihu goma sha huɗu. Maiɗakinsa, wadda take zama a ƙuryar shagon tana yanka hotunan fasfo da almakashi, ita kaɗai ta san goma sha uku daga cikin aljihunan nan ba komai a ciki, ɗayan kuma na man shafawar ciwon baya ne. Amma mace ce mai kawaici. 'Yar bakanike ce, cikin ƙarar guduma ta tashi, ta saba barin abu ya yi ƙararsa har ya gaji.

Gwanintarsa ba ta da biyu. Babu abin da ya taɓa motsi a gaban kyamararsa ya sha. Babba sai ya ƙame kamar an dasa shi, jariri kuma sai a jira ya yi barci. Kyamarar tana kan sandarta mai ƙafa uku, a wuri ɗaya, har ƙafafun sun yi wa siminti rami. In komai ya daidaita sai ya ɗaga hannun hagu sama, ya ƙirga ɗaya, biyu, uku, sannan ya danna. Tsakanin biyu da uku yakan ɗan dakata, don mutum ya san a gaban wa yake zaune.

To amma in aka ajiye ado gefe, 'yan ƙungiyar masu babura su ke riƙe da shagon. Mutum ɗari uku da goma sha biyu, kowace shekara sai sun sabunta katin shaida, kowane kati kuma da sabon hoto. Ango yanzu sai jefi-jefi, kowa da wayarsa a hannu. Layin masu baburan nan shi ne abincin gidan Injiniya, shi da kansa ya sani ko da ba ya faɗa. Sai ga shi bara wata budurwa ta buɗe nata shagon hoto a tsallaken titi, mai ƙofar gilashi da fitilu farare. Injiniya ya ce shi bai ma lura an buɗe wani shago ba. Bai lura ba har ya san ranar Talata mutum tara suka shiga.

Ana haka shugaban ƙungiyar ya zo masa da magana, wani dattijo mai sanyin murya da ba ya son ja-in-ja. Ya ce sun gama ginin sabon ofis, nan da sati biyu za a buɗe, kuma suna son ƙaton hoto a bangon da ke kallon ƙofa: babur a guje, gudu na gaske, da gwaninsu Ba-Birki a kai. Ya ce ba zai ɓoye masa ba, kan kwamiti ya rabu. Samari suna son a ba yarinyar tsallake, manya kuma suna jin kunyar shekaru. Shawarar da aka tsayar ita ce a fara ba shi. In hoton ya yi, aikin kati yana nan a hannunsa. In bai yi ba, duk ɗari ukun da goma sha biyun za su tsallaka titi.

Injiniya ya yi dariyar tausayi, irin wadda ake yi wa wanda ya tambayi likita ko ya iya duba zazzaɓi.

"Shugaba, ka san mene ne gudu? Gudu haske ne da ya yi gaggawa. Haske kuwa a tafin hannuna ya girma. Ni da ka gani na taɓa ɗaukar walƙiya a tsakiyar sama, ta tsaya cak, sai da na gama sannan ta wuce. Babur kuma har nawa yake?"

Shugaba ya nuna sha'awar ganin hoton walƙiyar. Injiniya ya ce an ara ba a dawo da shi ba. Daga ƙurya aka ji almakashi ya ɗan tsaya, sannan ya ci gaba da yanka.

Ranar ɗauka, da hantsi, aka hallara a miƙaƙƙen titin da ke bayan manyan ɗakunan ajiyar kaya, inda motoci ba su cika bi ba. Babura sun fi arba'in a gefen hanya, masu su a zaune a kai suna jiran ganin ikon Allah. Injiniya ya iso a makare, yadda ya dace da manya. Ya kafa sandar mai ƙafa uku, ya lashi yatsa ya ɗaga sama yana auna iska, ya kalli rana ya girgiza kai kamar bai gamsu da aikinta ba. Sannan ya fito da alli ya zana gicciye a tsakiyar kwalta, ya kira Ba-Birki.

Shi Ba-Birki siriri ne kamar sandar rake, ba ya da yawan magana, a kan babur kaɗai bakinsa yake. Injiniya ya yi masa bayani dalla-dalla. Zai taho daga can, in ya iso kan allin nan sai ya juyo ya kalli kyamara, ya saki kafaɗa, ya ɗaga haɓa. Ba-Birki ya tambaya ko a wane gudu ake so ya yi duk wannan. Injiniya ya ce ya ƙure malejin, sauran aikin na masana ne.

Aka ba da hannu. Ƙarar babur ta taso daga nesa tana ƙaruwa. Injiniya ya sunkuya ya sa ido, ya ɗaga hannun hagu, ya fara ƙirga cikin nutsuwar da aka san shi da ita. Yana cewa ɗaya babur yana kan alli. Yana cewa biyu babur ya kai ƙarshen titi. Ya yi 'yar dakatawarsa ta al'ada, ya ce uku, ya danna. Ya leƙa bayan kyamara ya ga katangar ɗakin ajiya, tsaf, har tsagar da ke jikinta ta fito. Ya gyaɗa kai ya ce wannan gwajin haske ne.

Aka sake. Wannan karon ya fara ƙirga tun babur yana nesa, ya kai uku, ya danna, sannan babur ya zo ya wuce. Katanga. Aka sake, ya sami jar fitilar baya a can gefen hoto, kamar tana neman fita. Aka sake, ya sami wani dogon jirwaye a tsakiya, irin wanda shayi yake bari in ya zube a tebur. Ya kira Ba-Birki ya ce masa gudun nasa ba shi da tsari, ya rage kaɗan. Ya rage. Ya ce ya ƙara ragewa. Ya ƙara. Kafin rana ta take, gwanin ƙungiya guda yana tahowa yana jan ƙafa a ƙasa, har wata mai tallan ruwa ta wuce shi da tire a ka. Masu kallo suka fara tafi suna yi masa kirarin tsere. Nan Ba-Birki ya kashe inji ya ce shi fa yana da suna a garin nan, ko a ɗauke shi a guje ko a bar shi ya tafi neman abinci.

Yarinyar tsallake tana cikin masu kallo, ta zo ganin yadda manya suke aiki. Ta matso da ladabi ta rage murya, don kada kowa ya ji. Ta ce Baba, da zai sauke kyamarar daga kan sandar ya riƙe a hannu, ya kama babur ɗin tun daga nesa, ya yi ta binsa da ita yana juya ƙugu, ya danna ba tare da ya tsaya ba, to babur zai fito tar, katangar ce za ta yi jirwaye, kuma a nan gudun yake fitowa.

Ita ta rage murya, shi ya ɗaga tasa, don ilimi ba na ɓoyo ba ne.

"Yarinya, tun ba a haife ki ba nake wannan aiki. Kyamara ba ta bin mutum. Mutum shi yake zuwa gaban kyamara, ya nutsu, ya jira. Ranar da na fara bin babur da kyamara kamar mai korar kaza, ranar na ajiye sana'a."

Ta ce Allah ya ba shi haƙuri, ta koma gefe. Shi kuma da ya ga hankalin mutane ya koma kan mai tallan ruwa, ya zare kyamarar a hankali, ya yi wa Ba-Birki alamar ya taho sau ɗaya na ƙarshe. Babur ya taho. Injiniya ya bi shi, ya juya da ƙarfinsa duka, ƙugun da ya shekara ashirin da bakwai bai juya don kowa ba ya yi ƙas. Kyamara ta ɗauki sama da wayoyin lantarki. Shi kuwa ya tsaya a karkace, fuska gabas ƙafafu kudu, ya kasa dawowa. A haka ya sanar da jama'a cewa an gama, an samu. Da suka taso suna son gani, ya rufe bayan kyamarar da tafin hannu ya ce ba a kallon hoto ɗanye.

A shago ya zauna gaban kwamfuta, da matashi a bayansa, ya duba abin da ya samo. Hoto tamanin da huɗu. Katanga ta fito a sittin da ɗaya, kuma gaskiya ba a taɓa yi wa katanga hoto irin wannan ba. Sauran jirwaye ne, da sama, da rabin taya, da mai tallan ruwa wadda ta fito kyakkyawa. Nan fa tsoro ya kama shi, tsoro na gaske, wanda ba ya jin jawabi. Ya leƙa ta taga ya ga ƙofar gilashin nan tana sheƙi, ya hango mutum ɗari uku da goma sha biyu a layi a gabanta, baburansu a jere har ƙofar shagonsa sun tare masa hanya. Kwana biyu bai ce wa kowa ya ɗaga komai ba. A na uku, yana cikin shafa man ciwon baya, basira ta sauko masa. Ya ce wa maiɗakinsa ai laifin ba nasa ba ne, na babur ne da ya ƙi tsayawa. To za a nemo wanda zai tsaya.

Ƙaninta yana da garejin gyaran babura a bayan layi, kuma ranar da ba ya buɗewa a wurin yayarsa yake barin makulli. Da safe suka shiga su biyu, ita ɗauke da farin ƙyallen shago da fanka, shi ɗauke da kansa. Ya zaga cikin baburan yana taɓe baki, har ya yaye wani tamfol ya ga wani ja, sabon fenti, tankinsa yana ɗaukar ido. Ya ce wannan ne, kana ganinsa ka ga gudu. Ita ta kalli tayar baya, ta kalle shi, ta ce, "Maigida, wannan ɗin fa..." Ya ɗaga mata hannu ya ce a harkar haske ba a katse shi.

Sauran matuƙi. Ba-Birki ba zai yarda ba, kuma bakin kowa ba abin amincewa ba ne. Amma hular kwano mai baƙin gilashi tana rataye a ƙusa, ga rigar fata kusa da ita, kuma Injiniya ya daɗe yana zargin cewa da ba don haske ya riga ya kama shi ba, da ya yi suna a tsere. Ya sa rigar, zif ya hau rabi ya ce nan zai kwana. Ya zura siririyar wayar ƙarfe cikin wani gyale, ya ɗaura a wuya, ya lanƙwasa shi baya, yadda zai zama kamar iska ce take kaɗa shi. Aka rataya farin ƙyalle a bayan babur, aka kunna fanka, ya kafa kyamara ya saita ta ta ɗauka da kanta bayan daƙiƙa goma.

Daƙiƙa goma ba ta isa mutum mai ciwon ƙugu da cikar ciki ya haye babur. Hoto na farko ya same shi yana tafiya. Na biyu ya same shi ƙafa ɗaya a sama. Na uku, wanda ba za a yi dogon bayaninsa ba, bayansa ne ya cika shi. Dole ya miƙa wa maiɗakinsa kyamarar, bayan ya yi mata laccar minti goma a kan maɓallin da ta shekara ashirin tana kallon ana dannawa. Ya haye, ya kwanta a kan tanki iya yadda cikinsa ya bari, ya murɗa totur ɗin babur da ko makulli babu a jikinsa, har yana yin ƙarar inji da baki a cikin hula.

Ita kuma ba ta tsaya inda ya ce ba. Ta zare kyamarar daga sanda, ta matsa hagu inda hasken ƙofa yake sauka a kan tanki, ta durƙusa har gwiwarta ta taɓa ƙasa, ta danna sau ɗaya. Ya ɗaga gilashin hula ya yi mata faɗan rashin ƙirgawa. Da ya ga hoton sai ya ce saitin da ya yi ne ya taimake ta. Ta sake cewa akwai abin da take son nuna masa a tayar baya. Ya ce tayar baya ba ta cikin manhajar kwas. Ta naɗe ƙyalle ta ɗauki fanka.

Kwana uku ya yi a gaban kwamfuta. Ya goge ƙafar ƙarfen da babur yake jingine a kai, ya goge ta da kyau, har yana yaba wa kansa da wannan lura da ba kowa ke da ita ba. Ya cire farin ƙyalle ya sa katanga a baya, katanga kam yana da ita har ta kyauta. Ya ja ta ta yi jirwaye, ya zuba ƙura a bayan taya. A ƙasan hoton ya rubuta sunansa da laƙabinsa, da harufan da mai wucewa a mota zai iya karantawa. Aka kai wurin masu bugawa suka fitar da shi, faɗinsa taku huɗu na babban mutum.

Ranar buɗe ofis wuri ya cika. Kujerun gaba na baƙi ne, 'yan kasuwa da maƙwabta, masu babura kuma tsaye a baya har waje, mata a gefe guda. Hoton yana bango a lulluɓe da zane. Aka ba Injiniya minti biyu, ya ɗauki goma sha biyar.

"Jama'a, abin da za ku gani ba hoto ba ne, tarihi ne. A kan kwalta na kwanta, rana tana dukana, babur ya wuce ni da tazarar yatsa ɗaya. Na ji iskar mutuwa a kunnena, amma hannuna bai yi rawa ba. Akwai masu cewa a bi babur da kyamara. Ni na tsaya, gudu ne ya zo ya same ni. Shugaba, bismilla."

Shugaba ya ja zane. Baƙin gaba suka ɗau tafi, kuma suna da gaskiya, don hoton ya yi kyau. Jan tanki yana walƙiya, gyale ya miƙe, katanga tana gudu. Injiniya ya rufe ido yana karɓar tafin. Da ya buɗe sai ya ga masu babura ba su tafa ba. Sun matso gaba a hankali, hannu a baya, kamar likitoci sun zagaye gadon majinyaci.

Wani tsohon matuƙi ya sa yatsa a tayar gaba yana ƙirga wayoyinta ɗaya bayan ɗaya. Ya kai talatin da shida, ya ce shi dai shekara arba'in yana kan babur bai taɓa ganin wayoyin taya a guje ba, yau Allah ya nuna masa. Aka turo Ba-Birki gaba ya ga kansa. Ya daɗe yana kallon inda zif ya tsaya, sannan ya shafa cikinsa ya ce bai tuna ya ci abinci haka ranar ba. Dariya ta fara tsiyaya daga baya. Sai wani ya tambaya, a hankali, kamar mai neman a ƙara masa sani:

"Wai ina sarƙar?"

Kowa ya kalli tayar baya. Ga haƙoran da sarƙa take hawa nan, fes, a wanke, suna sheƙi. Tsakaninsu da inji babu komai sai katanga tana wucewa a guje. Injiniya ya ce gudun ne ya yi yawa har sarƙar ta ɓace wa ido. Tsohon matuƙi ya ce ikon Allah, sarƙa ta ɓace amma wayoyi suna nan.

Shugaba bai yi dariya ba tukuna. Ya ciro tabarau ya sa, ya matsa har hancinsa ya kusa taɓa hoton, yana duban wani faci a gefen sirdi. Ya ce wannan facin shi ya ɗinke shi da hannunsa. Babur ɗinsa ne. Sati uku ke nan yana gareji, kullum ana ce masa ana jiran sabuwar sarƙa, ashe shi yana can yana tsere. Ya waiga yana neman bakanike, ƙanin matar Injiniya, wanda a lokacin yake ƙoƙarin shigewa bayan wani mai faɗin kafaɗa. Kafin a kamo shi wani ya nuna ƙafar matuƙin da ke hoto: baƙin takalmi mai tsinin baki, an goge shi har yana ɗaukar ido. Mutum ɗari uku suka sauke ido tare zuwa ƙafafun Injiniya. Ya yi ƙoƙarin ɓoye ɗaya a bayan ɗaya.

Abin da ya biyo baya ba dariya ba ce, annoba ce. Wasu suka zauna a ƙasa, wasu suka fita waje suna riƙe da ciki, wani yana buga hon ba dalili. Ba-Birki, wanda ba a taɓa ganin haƙoransa ba, sai da aka ba shi ruwa. Injiniya ya tsaya da aljihunansa goma sha huɗu yana bayanin cewa a manyan ƙasashe wannan shi ake kira gudu na ma'ana, amma ko shi kansa ba ya jin abin da yake faɗa. Kunya ta rufe shi, ga kuma tsoron nan ya dawo, don ya ga samarin kwamiti sun fara waigen yarinyar tsallake.

Ita kuwa tana gaban hoton, ta karkata kai tana dubawa. Da hayaniya ta lafa ta ce ita fa, a bar maganar sarƙa, hoton kansa hannun gwani ne. A duba yadda aka durƙusa aka ɗauko shi daga ƙasa, a duba inda aka sa haske ya faɗa a kan tanki. Injiniya ya ji rai ya dawo masa, ya gyara tsayuwa, ya fara cewa ai shekara ashirin da bakwai ba wasa ba. Shugaba ya dakatar da shi da tambaya ɗaya, cikin sanyin muryar nan tasa.

"To Injiniya, in kai ne a kan babur, wa ya ɗauka?"

Injiniya ya shiga laluben aljihunansa. Bakanike, da ya ga hanyar da zai kawar da zance daga kan sarƙa, ya leƙo daga maɓoyarsa ya ce ai Yaya ce, don ita yake bar wa makulli. Duk aka juya ɓangaren mata. Tana zaune da jakarta a cinya, ta ce ita dai an ce ta danna ne ta danna.

Kwamiti bai ɓata lokaci ba. Hoton gudu na gaske aka ba yarinyar tsallake, ita da Ba-Birki, ta kuma gama shi cikin safiya ɗaya. Aikin kati kuwa Shugaba ya ce ba za a raba tsohon shago da shi ba, akwai zumunci, akwai shekaru. Sharaɗi ɗaya ne kawai: matar gida ce za ta riƙa ɗauka.

Da lokacin sabunta kati ya zo, layi ya miƙe daga ƙofar shagon har kwana. Injiniya ya shaida wa maƙwabta cewa ya sami ƙarin girma, yanzu shi babban darakta ne, ba ya taɓa maɓalli da hannunsa. Ƙusar da take riƙe da farin ƙyalle ta fita a ranar farko, don haka darakta ne yake tsayawa a gefen kujera, hannu a sama, yana riƙe da ƙyallen a bayan kowane mai babur. Kowa ya zauna sai ya gaishe shi da ladabi, ya tambaye shi ya gajiyar tsere. Ita kuma takan leƙa kyamara, ta ɗago, ta ce:

"Maigida, ɗan ja baya kaɗan. Cikinka yana shiga hoton mutane."